Wanda Ya Shiga Ƙarƙashin Tamfol

Akwai wani malami a Jibiya mai suna Badaruddeen, wanda kowa ya shaida ya sadaukar da rayuwarsa ga yara masu buƙata ta musamman.

Shi dai abin da yake faɗa shi ne, ranar da aka raba azuzuwa ya tafi bikin suna a Bugaje, da ya dawo ya tarar ajin da kowa ya ƙi ne ya rage.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ajin yana can ƙarshen makaranta, bayan darbejiya, inda manyan baƙi ba sa isa sai in sun zo da mai ɗaukar hoto. Akwai kurame, akwai waɗanda shan inna ta taɓa, akwai masu gani dishi-dishi. Da safe karatu da rubutu, bayan azahar sana'a. Keken ɗinki biyu ne, ɗaya yana aiki. Sai basilla da zare da guntayen tamfol da Malam yake roƙowa a tasha.

Malam Badaru, haka ake kiransa, ya daɗe da gane cewa koyarwar ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce ranar da aka gama. A yi walima, a raba takardar shaida, a tafa. Washegari yaro ya koma zauren da aka ɗauko shi shekara takwas da suka wuce. Bambancin kawai, yanzu yana iya karanta abin da aka rubuta a bayan motocin da ke wucewa.

Da aka yaye na wannan shekarar, Malam ya ce abin ya isa. Ya ɗauki babur ɗinsa ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya, tun daga kasuwar Jibiya har Magama bakin bodar Nijar, yana nema wa ɗalibansa aiki.

An karɓe shi da mutunci ƙwarai. Wani ya ce Allah ya ba da lada. Wani ya ce Allah ya kyauta. Wani tela har da share ƙwalla da hannun riga. Wani ya cusa masa ɗan abu a aljihu ya ce a saya wa bayin Allah sabulu.

Cikin mako biyu Malam ya tara addu'ar da za ta raka shi har kabari, da sabulun da zai wanke makarantar da malamanta. Aiki kuwa ko ɗaya.

Sai ya isa rumfar Alhaji Lawwali mai tamfol.

Wanda ya san Magama ya san layin manyan motocin da ke jiran takarda kafin su tsallaka. Mota takan kwana biyu, takan kwana biyar, kaya na kanta, tamfol na kan kaya. In tamfol ya yage, wurin Alhaji Lawwali ake kai shi. Ma'aikatansa huɗu, babbansu Manu, wanda ya shekara ashirin da basilla a hannu, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Alhaji mutumin kirki ne. Ba irin kirkin da ake faɗa a wurin ta'aziyya ba, na gaske. Malam bai gama bayani ba ya ce, “Kawo mani shi gobe.”

Wanda Malam ya kai shi ne Imrana, ɗan Daddara, mai shekara ashirin da ɗaya. Shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ɗan shekara uku. In tafiya da nisa, keken hannu yake hawa. In kusa ce, sai ya sauko ya zura silifa a tafukan hannu, ya tafi da sauri fiye da yadda wasu masu ƙafa ke zuwa masallaci. A ajin ba a taɓa yin mai ɗinki irinsa ba. Malam yakan nuna wa baƙi ɗinkinsa, su kuma su tsaya kallon ƙafafunsa.

Aka shirya a kan wata uku na gwaji. Malam ya yi wa kansa alkawari ba zai leƙa ba sai bayan mako uku, kada a ce yana gadi.

Ranar Talatar da ya koma, daga nesa ya hango ɗalibinsa.

An shimfiɗa masa sabuwar tabarma a ƙofar rumfa, wurin da ya fi ko'ina inuwa. Ga matashin jingina, ga kwanon abinci da murfi, ga buta. Basillarsa tana cikin kubenta na fata, yadda ta baro makaranta.

Suka gaisa.

“Ya aiki, Imrana?”

“Aiki da godiya, Malam. Jiya na kori awaki biyu.”

Kafin Malam ya ce wani abu, wani direba ya fito daga rumfa yana goge hannu. Ya ga gurgu a kan tabarma a bakin ƙofa, ya yi abin da aka saba. Ya sunkuya ya ajiye masa kuɗi a gefen tabarma, ya ce, “A sa mu a addu'a, bawan Allah,” ya wuce.

Imrana bai kalli kuɗin ba. Malam ma bai kalla ba. Suka yi ta ƙoƙarin rashin kallonsu tare.

“Kullum haka?”

“Ranar Juma'a ya fi.”

Sai Imrana ya gyara zama. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi damun Malam ke nan.

“Malam, shekara takwas ina tuƙa keke zuwa makaranta don kada in zauna a bakin hanya. Yanzu ga ni a bakin hanya da takardar shaida. Ranar Lahadi zan koma Daddara. Gara zauren ubana. Can babu mai jefa mani komai, don su ma ba su da shi.”

Malam ya shiga rumfa ya samu Alhaji. Bayan gaisuwa ya ce, “Alhaji, na zo a kan yaron nan.”

“Wani abu ya same shi? Wani ya ɓata mashi rai? Faɗa mani ko wane ne.”

“Ba a ba shi aiki.”

Alhaji ya dube shi kamar an zarge shi da sata. “Malam, na rage shi da wani abu? Abin da nike ba kowa shi nike ba shi. Abinci daga gidana ake kawo mashi.”

“Aikin ne ka rage shi da shi.”

“Subhanallahi! In sa gurgu jan tamfol, ni da ƙafafuna biyu ina kallo? Mi zan ce wa Ubangijina? Mi mutanen Magama za su ce? Su ce Lawwali ya rasa wanda zai ci da guminshi sai naƙasasshe? A'a, Malam. Ni albarka nike nema.”

Manu yana gefe yana zura zare, ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Malam, tamfol ɗin tirela mutum huɗu ke ɗaga shi. Wanga ba ɗinkin jakar makaranta ba ne. Ka bar ɗan bokonka ya huta. Ai ya samu gwamnati.”

Sauran suka yi dariya.

Malam ya yi bayani. Ya kawo misali, ya kawo hujja, ya kawo wata hujjar da ta fi ta farko. Alhaji ya saurare shi da ladabi har ƙarshe, sannan ya aika a ƙaro wa Imrana fura.

Da mugu ne, da Malam ya san ta inda zai ɓullo masa. Amma mutumin kirki da ya tabbata lada yake samu, ba a san ta inda ake kama shi ba.

A kan hanyar fita Malam ya tsuguna wajen tabarmar. “Ka ba ni zuwa Asabar.”

Ya faɗi haka da muryar mai dabara. Ba shi da ko ɗaya.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan farko mai ƙarfi a daminar. Manoman ƙauyen Farfaru suka yi hamdala. A Magama kuwa ba kowa ne ya yi ba.

Asabar da hantsi Malam ya kama hanya. Gaskiyar magana, ya tafi ne ya taya Imrana ɗaura kaya a keke, ya ba shi haƙuri, ya kuma ba kansa.

Sai ya tarar rumfa ta cika da hayaniya.

Wani direba ne ɗan Maraɗi, Ahmadu, da kamyonsa, wato babbar motarsa, cike da wake. Kwana shida da suka wuce a nan aka ɗinke masa tamfol. Ruwan jiya ya same shi a layi yana jiran takarda, buhunan sama duk suka jiƙe.

“Alhaji, wanga aiki ne? Kwana shida hwa da kunka ɗinka mani shi! Je ka ga waken, ya kumbura kamar za a yi ƙosai. Mai kaya shina ta kirana, mi zan ce mashi? In ce na kai wake wanka?”

“Yi haƙuri, Malam Ahmadu, a duba.”

“A duba mi? Ga wani hadarin can shina haɗuwa. Wallahi in ya sake zubo mani, duk layin ga sai na bi mota mota na hwaɗi inda anka yi mani aikin.”

Aka sauko da tamfol ɗin aka shimfiɗa a fili. Abu ne mai girman tsakar gida. Manu ya cire takalmi ya hau, ya bi shi daga wannan kai zuwa wancan yana duƙe, hannu a baya, kamar likita a ɗakin marasa lafiya. Ya dawo ya miƙe.

“Babu huji ko ɗaya. Ɗaurinka ne bai yi ba, ruwa ta gefe ya shiga.”

“Ɗaurina? Ni da nike ɗaurin kaya tun kana tallar rake?”

Alhaji ya hau ya duba. Sauran ma'aikata suka duba. Masu shayi da masu canjin kuɗi da 'yan kallo, kowa ya duba ya ba da ra'ayi. Tamfol dai yana kwance a kan yashi, kore, shiru, babu abin da ya nuna.

Malam yana tsaye a baya sai ya ji an ja masa gefen riga. Imrana ne, ya baro tabarmarsa.

“Malam, ka ce su jera tsofaffin tayoyin can bibbiyu, su ja tamfol ɗin a kai, su ɗame shi sosai.”

“Don mi?”

“Ka dai faɗa. Ni in na yi magana, Allah sarki za su ce. Kai kana da biro a aljihu.”

Malam bai gane ba. Amma a shekara goma sha ɗaya ya koyi abu ɗaya: in ɗalibi ya ce zai iya, ka matsa ka ba shi wuri, tambaya ta biyo baya. Sai ya fito da muryar da yake tsayar da taron safe da ita.

“Kai, da kai, da kai mai jar hula! Tayoyin can, bibbiyu, layi uku. Maza!”

Duk wanda ya taɓa zama a benci yana da wani wuri a jikinsa da ke amsa irin wannan muryar. Ƙarti masu gemu suka ruga ɗaukar taya kafin su tuna sun gama firamare. Aka ja tamfol a kai, aka ɗame shi ta kusurwa huɗu. Ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya da rabi.

Imrana ya jawo tsintsiyar rumfa ya kwance ta, ya cika aljihu da tsinke. Ya zura silifa a hannu. Kafin kowa ya gane me ake ciki, ya shige ƙarƙashin tamfol ya ɓace.

Alhaji ya dafe kai. “Innalillahi! Ku fiddo shi! Zafi zai kashe shi a ciki! Malam, amana ce hwa a hannuna!”

Ya nufi bakin tamfol. Malam ya sha gabansa, cikin ladabi, amma bai matsa ba.

“Alhaji, ka ba shi minti goma. In wani abu ya same shi, ni na kawo shi.”

Fuskar Malam a sake take. Cikinsa kuwa, in da za a buɗe, da an ga mutum yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Ba a ganin komai sai ɗan tudu yana tafiya a ƙarƙashin tamfol.

Can sai wani tsinke ya ɓullo ta sama, ya tsaya cak.

Sai wani a kusa da shi. Sai wani.

Ga abin da ke faruwa. Mai tsaye a kan tamfol duhu yake kallo, ƙaramin huji ba ya nuna kansa. Wanda ke ƙarƙashi kuwa shi ne cikin duhun, rana tana sama, kowane huji sai ya zama ɗigon haske. Imrana bin hasken yake yi, duk inda ya gani ya soka tsinke.

Tsinkayen suka yi ta fitowa a jere, kamar gero ya tsiro a kunya. Ahmadu ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Da ya wuce goma 'yan kallo suka kama masa. Da aka wuce ashirin kowa ya lura da abin da Manu ya riga kowa lura da shi: layin tsinken bai karkace ko kaɗan ba. Kan ɗinkin Manu yake bi, daga farko har ƙarshe.

A talatin da bakwai aka tsaya.

Imrana ya fito ta ɗaya gefen, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yashi har gira. Ya zauna ya numfasa, sannan ya dubi Manu.

“Oga Manu, ɗinkin da ƙarfinshi, ko shekara goma ba zai ɓalle ba. Basillar ce ta fi zaren kauri. In tamfol yana kwance, hujin a rufe yake. In aka ɗame shi a kan kaya sai ya buɗe baki.”

Manu ya ce, “Ni da na shekara ashirin ina...”

“Kana jiƙa muna kaya,” in ji Ahmadu. “Ashe kai ne! Mu muna ta zagin damina.”

Dariya ta ɓarke har masu shayi.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya juya wajen Malam. “Kai ka koya mashi wanga?”

A nan Malam ya ɗan yi jinkiri, domin shi ma ɗan Adam ne, kuma jama'a na kallo. Abin da ya koya musu a aji shi ne a ɗaga ƙyalle a saitin taga a duba. Bai taɓa kawowa a ransa a yi wa tamfol ɗin tirela haka ba.

Ya ce, “Ni taga na nuna mashi. Sauran nashi ne.”

Imrana ya ce, “Mako uku ina zaune a ƙasa, Alhaji. Duk sanda suka ɗaga tamfol za su naɗe, ina ganin rana ta cikin ɗinkin. Sau biyu na faɗa wa Oga Manu.”

“Mi ya ce?”

“Ya ce Allah sarki.”

Alhaji ya waiwayi tabarmar. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Yaron nan ya fid da mu kunya. Daga yau a ɗauke tabarmar nan.”

Malam ya ji zuciyarsa ta yi tsalle.

“A sayo mashi katifa.”

Malam ya rufe ido.

Imrana ya matso har gaban Alhaji. Bai ɗaga murya ba. “Alhaji, ka yi mani komai, Allah ya saka da alheri. Amma ka bar katifar. Ka ba ni tamfol ɗin nan kafin hadarin can ya iso.”

Alhaji ya dubi hannuwan yaron, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi mutanen Magama da ke tsaye, waɗanda ya daɗe yana tsoron abin da za su ce. Ya buɗe baki.

Ahmadu ya riga shi. “Ni dai tamfol nawa ne. In ba wanga ba, babu mai taɓa mani shi. Ku ba shi ko in naɗe abina.”

Malam ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, yadda Alhaji kaɗai zai ji. “Mutanen Magama sun faɗi abin da za su faɗa, Alhaji. Ga shi ka ji.”

Alhaji ya ja dogon numfashi, irin na wanda zai aikata abin da bai tabbata halal ne ba.

“Manu. Ba shi gam da zare.”

Imrana ya zare basillarsa daga kube, karon farko cikin mako uku da kwana huɗu. Ya yanko dogon ƙyallen tamfol, ya shafe layin ɗinkin da gam, ya rufe hujin gaba ɗaya, ya bi gefe da gefe da siririyar basilla da zaren da ya cika hujinsa. Inda ake buƙatar ja, ya ce a ja, aka ja. Har Manu ya riƙe masa kusurwa ɗaya, yana kallon wani wuri daban.

Kafin la'asar aka mayar da tamfol kan mota. Ana sallame salla ruwa ya sauko. Da ya ɗauke, Ahmadu ya hau ya zura hannu ƙarƙashi har kafaɗa, ya fito da shi ya nuna wa jama'a. A bushe.

Ya cika alkawarinsa kuwa, ya bi layin mota mota. Labarin ne kawai ya canja.

Ranar Lahadi Imrana bai tafi Daddara ba.

Wani zai ce labari ya ƙare. Malam Badaru bai yarda ba. Ya san halin mutanenmu. Wanda aka daina tausaya wa, ana iya mayar da shi abin nuna wa baƙi, a riƙa kiran mutane su zo su ga gurgun da ke shiga ƙarƙashin tamfol. Wannan ma tabarma ce, sai dai ta fi ado.

Don haka bayan wata guda ya sake zuwa, bai sanar da kowa ba. Ya kafe babur nesa ya tako da ƙafa.

Tun kafin ya iso ya jiyo muryar Alhaji tana tashi.

“Kai Imrana! Wanga wane irin shirme ne? Sabon tamfol ka yanka mani ba ka auna ba? Dubi faci kamar kunnen jaki! A makarantar taku ba a koya maku awo ba, ko kana barci ranar? Ka warware shi yanzu, kuma ba inda za ka sai ka gama. Mutum shina jira tun safe!”

“Ka yi haƙuri, Alhaji. Kuskure ne.”

“Haƙuri zai rufe mashi kaya?”

Malam ya laɓe a bayan wata tirela. Bai fito ba. Ya tsaya ya saurari faɗan nan tun daga farko har ƙarshe, kansa a sunkuye, kamar basaraken da ake yi wa kirari. A shekara goma sha ɗaya an yi wa ɗalibansa addu'a, an yi musu kuka, an yi musu hoto. Yau ne karon farko da ya ji an yi wa ɗayansu faɗa a kan aiki.

Kuma da gaskiyar Alhaji. Facin ya karkace.

Da ya fito, Alhaji ya gan shi, sai ya daburce. Ya taho yana murza hannu.

“Malam, sannu da zuwa. Ka ji ina... Don Allah ka yi haƙuri, raina ne ya ɓaci. Wallahi mantawa na yi.”

“Ka manta mi, Alhaji?”

Alhaji ya waiga. Imrana yana can tsakiyar tamfol, zare a baki, yana warware facin yana ƙunƙuni kamar kowane ma'aikaci da maigida ya wanke.

“Na manta shi... ka dai gane.”

“Na gane,” in ji Malam. “Don Allah ka ci gaba da mantawa.”

Washegari Malam ya kai wata ɗalibarsa kurma, Suwaiba, wurin wata mai ɗinkin mata a cikin gari. Tun a zaure ya kafa sharaɗi: a ba ta keken ɗinki, ba kujera ba, kuma in ta ɓata aiki a yi mata faɗa.

Matar ta ce, “Malam, ta ina zan yi wa kurma faɗa?”

Ya ce, “Zan koya maki, Hajiya. Da maganar hannu ya fi zafi.”

Darasi: Tausayin da ke zaunar da mutum ya hana shi aiki, ko da katifa ya zo, ƙwace ne cikin ladabi. Mai buƙata ta musamman da ya gama makaranta ba addu'a ya rasa ba, wannan muna da ita har ta yi yawa. Wurin gwada hannunsa ya rasa. In kana da shago ko ofis ko rumfa, ka ba shi aiki na gaske, ka saurari abin da yake hangowa daga inda yake, ka yaba in ya gyara, ka yi faɗa in ya ɓata. Ku tura wannan labarin ga duk mai ɗaukar ma'aikata da kuka sani, musamman masu kirkin cikinsu.

Manu dai ya gwada shiga ƙarƙashin tamfol sau ɗaya. Mutum uku ne suka jawo shi ta ƙafa.